Bahagon Lungun Fenner

Ranar Talata da safe aka tsinci gawar Hosea Lamprey a ɗakinsa na can saman bene, kansa a fashe, ya faɗi rub da ciki kusa da teburin aikinsa. Kafin ƙararrawar coci ta buga ta tsakar rana, duk Lungun Fenner, a nan London, ya san wanda ya kashe shi, alhali babu wanda ya ce ya gani.

Lamprey mai zanen ba'a ne, kuma ni, Keziah Pudney, na daɗe ina sayar da zanensa a shagona da ke bakin lungun. Ba zan ce mutumin kirki ne don ya mutu ba. Babu wanda bai ja wa hanci ko ya kumbura wa ciki a takarda ba, daga ministan sarki har mai shara. Ba ya barin kowa ya taka ɗakinsa, don tsoron a saci dabararsa ko a ga wanda zai tona wa asiri gaba. Ko abinci a bakin ƙofa ake ajiye masa.

Wanda lungu ya yanke wa hukunci shi ne Malachy Doran, ɗaya daga cikin masu ɗaukar mutane a kujera mai rufi. Lamprey ya taɓa zana shi da kan jaki yana ɗauke da wata ƙatuwar mata, kuma an ji Doran a gidan giya yana cewa wata rana sai ya murɗe wuyan tsohon. Ƙari a kan haka, ɗan ƙasar Ireland ne, wanda a wajen maƙwabtana wannan kaɗai rabin shaida ce. Mista Josiah Wimbush, mai shagon kyandir kuma dattijon cocinmu, shi ya ja ayari zuwa wajen alƙali. Da yamma Doran yana kurkuku da mari a ƙafa. Zaman shari'a ya kusa, kuma hukuncin kisa rataya ne.

*

Washegari Septimus Yarde, wanda ya koyi sana'a a hannun Lamprey kafin su ɓata, ya shigo shagona da damin takardu ko bushewa ba su gama ba. Zanen kisan ne. Ga ɗakin kamar kana tsaye a bakin ƙofa, ga taga, ga tebur, ga tsoho yana faɗuwa, ga kuma ƙato mai kafaɗun ɗaukar kujera da fuskar Doran ya ɗaga guduma. Na liƙa ɗaya a gilashin taga kamar yadda kowane shago a layin ya yi. Jama'a suka toshe hanya, masu yankan aljihu suka samu kasuwa.

Sai ga shaidu sun fara tsirowa. Baba Garbutt, mai gadin lungu, wanda ranar Talata ya ce bai ji ko motsin ɓera ba, ranar Alhamis ya tuna cewa ya ji kokawa, ya hau bene, ya leƙa ta ƙofa ya ga Doran da idonsa. Dorcas Dimmock mai wanki, da ke zaune a hawa na ƙasa da na Lamprey, ita ma ta tuna ta leƙa. Dukansu sun ce tsoro ne ya rufe musu baki da farko.

An ce gani ya kori ji. Ni na tsufa a bayan gilashin nan ina kallon masu kallo, kuma abin da na lura shi ne, mutum in ya daɗe yana kallon hoto, sai ya manta ta ina abin ya shiga kansa.

*

Alƙalin ya turo Jethro Maskell ya haɗa shaidu. Maskell ba ɗan birni ba ne. Ya yi rabin rayuwarsa yana gadin dajin wani mai ƙasa, yana bin sawun barewa da na masu satar ta, har ƙafarsa ɗaya ta lalace ya dawo London yana bin sawun mutane. Dogo ne, marar yawan magana, kuma in kana yi masa bayani ƙafafunka yake kallo. Ya mai da shagona wurin shan shayinsa saboda kujerata ce kaɗai ta dace da gurguwar ƙafarsa. Hotunan kuwa ko ɗaga kai ba ya yi ya kalle su. Ya ce shi ba ya karanta abin da mutum ya zana da gangan, sai abin da ya bari bai sani ba.

A ɗakin, in ji shi, ya tarar da kwalbar asid ɗin da ake cin tagulla da shi ta fashe, ruwan ya ƙone katakon daɓe. A kan tebur akwai gurbin allon tagulla ɗaya, irin wanda ake karta zane a kai, ƙura ta zagaye shi, allon babu. Sawu kuwa ɗan sandan unguwa da masu ɗaukar gawa sun tattake kafin a kulle ƙofa.

Ya yi wa shaidun nan biyu tambayoyi daban-daban, maganarsu ta zo ɗaya kamar an auna da mudu. Dukansu suka ce makashin da hannun hagu ya ɗaga gudumar. Nan take lungu ya tuna cewa ai Doran bahago ne tun fil azal. Mai gidan giya ya rantse da hagu yake ɗaga kofi. Wata ta ce da hagu ya taɓa yi mata daƙuwa. Matar Doran, Nuala, ta tsaya a tsakiyar lungu tana cewa shekarun da ta yi da mutumin nan ba ta taɓa ganin ya ci abinci da hagu ba, aka ce ai mata ce, me za ta ce.

Maskell ya gwada shi a kurkuku, ya jefa masa tuffa ba zato, Doran ya cafe da dama. To, in shaidu sun yi gaskiya a kan hannu, sun yi kuskure a kan fuska. Ya shiga neman bahago a cikin waɗanda Lamprey ya taɓa ci wa mutunci. Ya samu wani mahauci da wani tela. Mahaucin yana kwance da zazzaɓi tun kafin abin ya faru, telan kuwa ko kaza ba zai iya kashewa ba. Kwanaki suka tafi a banza.

*

Daga nan ya juya kan Yarde. Yaya aka yi zane ya fito da sauri haka, in ba mai zanen ya san abin da zai faru ba? Kuma Yarde ne ya fara ganin gawar. A gabana ya titsiye shi, a bayan kanta.

Yarde ya yi ta zufa yana kame-kame, daga baya ya faɗi abin da ya ɓoye. Ya je da safe ne roƙon asid, ya tarar da ƙofa a buɗe, maigidansa na dā a kwance cikin busasshen jini. Bai yi ihu ba. Ya jawo kujera a bakin ƙofa ya zauna, ya zana ɗakin tsaf, sannan ya sauko yana kururuwa.

"Gawar wanda ya koya maka riƙe allurar zane," in ji Maskell.

"Da ni ne a kwance, shi ma abin da zai yi ke nan, Mista Maskell. Har ma ya ƙara mini hanci."

"Fuskar Doran fa? Ita ma a ɗakin ka tarar da ita?"

"Zanen kisa ba makashi, wa zai saya? Kowa yana cewa Doran, na sa Doran."

Na ce masa Allah ya sa kada watarana kowa ya ce Yarde. Amma dai shi ma ya fita, don daren da aka yi kisan yana kulle a ofishin masu gadi saboda maye, sai da gari ya waye aka sake shi.

*

Na bi Nuala kurkuku ranar da za ta kai abinci, Maskell ma ya zo. Doran ya rame, marin ya ci masa idon sawu. Maskell ya tambaye shi asalin faɗansa da Lamprey. Ya ce tsohon ya yi ta saya masa giya yana son ya faɗa masa wani mutum da yake ɗauka kowane mako zuwa bakin kogi, da labulen kujera a sauke. Da ya ƙi faɗa, shi ne aka ba shi kan jaki.

Maskell ya ce to yanzu ya faɗa masa. Doran ya girgiza kai. Ya ce mai ɗaukar kujera da ya buɗe labule sau ɗaya, ba mai sake hawa kujerarsa, kuma 'yan'uwansa na sana'a ba za su ƙara riƙe sanda da shi ba. Ban da haka, mutumin babba ne, mai tsoron Allah, kuma ya tabbata ranar shari'a zai tashi ya yi magana a kansa.

Nuala ta dangwarar da kwano. "Ka ji wawa. Za a sa maka igiya a wuya kana tsaron labulen wani. In sun rataye ka, labulen zan dafa wa yara?"

"Ke dai ki yi haƙuri, Nuala."

"Haƙurin ne ya kawo mu nan."

Har muka fito bai faɗi suna ba.

*

Da muka dawo shago Maskell ya zauna yana lissafi har shayinsa ya huce. Shari'a saura kaɗan, kuma da shaidu biyu masu cewa sun gani da ido, masu yanke hukunci ba za su ɓata lokaci ba. Can ya ce in ba shi hoton nan da kowa ke magana a kai. Ya ɗauka ya fita ba sallama. Da ya dawo sai ya shimfiɗa shi a kan kanta.

"Uwargida Pudney, yaron nan Yarde maƙaryaci ne ko makaho? In ka tsaya a bakin ƙofa, tagar ɗakin tana hagu. Shi ya sa ta a dama. Tebur ma ya sauya masa gefe."

Na yi dariya, na ce ba ko ɗaya. Duk abin da aka karta a allon tagulla, in aka matsa takarda a kansa, a juye yake fitowa, dama ta koma hagu. Mai aikin natsuwa yakan kafa madubi ya kwafi zanensa a juye, don ya fito daidai. Mai sauri, wanda ke son ya riga kowa kasuwa, kai tsaye yake kartawa, don ya san mai saye bai damu da ina taga take ba. Wannan duk wanda ke cin abinci a layin nan ya sani, sai dai ba ma tunawa da shi, kamar yadda mutum ba ya tuna yana numfashi.

Ya sa yatsa a kan hannun da ke riƙe da guduma. "Ke nan Yarde ya zana shi ne riƙe da ita da dama."

"Da dama."

"Na yi kwanaki ina farautar dabbar da a takarda kaɗai take." Ya naɗe hoton. Ya ce yanzu ya san shaidunsa ba su taɓa ganin cikin ɗakin ba, amma sanin nasa ba zai kwance mari ba, sai alƙali ya gani. Kuma tunda duk London ta san ɗakin a juye, wanda ya san shi a daidai, ban da Yarde da 'yan hukuma, to ya taɓa shiga. Na tambaye shi ko yana da wanda yake zato. Ya ce yana da, amma zato ba sawu ba ne. A daji, in kana son sanin wace dabba ce ta saba da mashaya, ba tambayarta kake yi ba, sai ka ɓuya ka ga wadda ta nufi ruwa ba ta shinshina hanya ba.

*

Ranar Asabar ta makon gaba da hantsi ya tara su a ɗakin girkin da ke ƙasan benen Lamprey: Baba Garbutt, da Dorcas Dimmock, da mai gidan giya, da Doran da aka kawo daga kurkuku, da Mista Wimbush, wanda aka roƙa ya zo a matsayin dattijon coci don ya shaida an yi komai bisa ƙa'ida. Ya zo cikin baƙaƙen kaya da safar hannu, yana cewa bai taɓa taka matakalar gidan nan ba a rayuwarsa, kuma ba don aikin Allah ba, da yau ma ba zai taka ba.

Ni da magatakardan alƙali muna sama tun da wuri. Maskell ya rufe ƙyauren taga, ya rataya barguna masu kauri a kai, ya toshe ta matakala ma, har ɗakin ya zama ko tafin hannunka ba ka gani. Aka zaunar da mu a kusurwa aka ce kada mu ko tari.

Ɗaya bayan ɗaya yake hawo da su, da kyandir a hannu. Da sun iso bakin ƙofa sai kyandir ya mutu, kamar iska ce, sai ya ce, don Allah taimaka ka buɗe mana taga, ƙafata ba ta son duhu.

Baba Garbutt ya ce ai ya san wajen, ya yi dama da ƙarfinsa, ya rungumi na'urar matsa takarda. Ashar ɗin da ya yi ba zan rubuta ba. Maskell ya kunna wuta, ya zaunar da shi kusa da mu, ya ce ya yi shiru. Dorcas ma dama ta yi, tana lalubar bango tana cewa an toshe tagar ne? Mai gidan giya, wanda bai ce ya taɓa gani ba amma yana da hoton a bangon gidansa, shi ma dama. Doran, da bai ga hoton ba don yana kulle, ya tsaya cik a bakin ƙofa da ƙarar sarƙarsa. "Ta wane gefe take, yallaɓai?"

Sai aka hawo da Mista Wimbush. Muna jin shi tun daga matakala yana ƙorafin an bar shagonsa ba kowa. Kyandir ya mutu, Maskell ya yi roƙonsa. Wimbush ya yi tsaki. Na ji takunsa ya yi hagu, ba tsayawa, ba lalube. Ya yaye bargo, ya tura ƙyaure, haske ya cika ɗakin. Yana tsaye kansa a sunkuye, don akwai wani katakon rufi da ya sauko ƙasa daidai gaban tagar, wanda ni da na shigo tun da haske sai da ya buge ni a goshi.

Ya juyo ya gan mu jere a gefe muna kallonsa.

"Na gode, Mista Wimbush," in ji Maskell. "Wa ya gaya maka tana hagu?"

Wimbush ya ce ai ya ga hoton kamar kowa. Maskell ya warware hoton ya miƙa masa. Ya daɗe yana kallonsa. Ya ce to daga waje ya lura da ita. Magatakarda ya ce tagar bayan gida take kallo, kan rufin barga, ba a hango ta daga ko'ina sai in mutum tsuntsu ne.

Maskell ya ce, "Cire safar hannunka, yallaɓai. Yau ba sanyi."

Bai cire ba, sai da ɗan sandan da ya rako Doran ya taya shi. Yatsun hannunsa na dama duk sun yi rawaya, fatar ta sale, irin tabon da asid ɗin tagulla ke bari, wanda ba sabulun da ke fitar da shi sai fata ta sake.

Doran ne ya yi magana. Ba da ƙarfi ya faɗa ba. "Yallaɓai, ni fa ko matata ban gaya wa ba. Ko matata."

Wimbush bai kalle shi ba. Ya zauna a kujerar marigayin, ya fara bayani ba wanda ya tambaye shi. Yana da wata mace da 'ya'ya a hayin kogi, ba da sanin matarsa ko coci ba. Lamprey ya gano ba ta bakin Doran ba, ya bi kwalekwale da kansa, kuma ya aika masa cewa zai fito a tagogin shaguna. Ya je roƙo, tsohon ya nuna masa allon zanen yana dariya, shi kuma ya fasa masa kai ya ɗauke allon. Allon yanzu yana ƙasan kogi. Ya yi ta maimaita cewa mu ba mu san abin da ake ji ba in an liƙa mutum a gilashi jama'a suna nuna shi da yatsa.

Na ce masa akwai wanda ya sani a ɗakin nan, ga shi can da mari a ƙafa.

*

An saki Doran ran Litinin. Baba Garbutt da Dorcas Dimmock ba a hukunta su ba, kuma ban ga amfanin hukunta su ba, don har suka mutu suna rantsuwa sun ga abin da suka ce sun gani. Lungun kuwa ya wayi gari ya tuna cewa dama can idon Wimbush bai taɓa kwanta masa ba.

Yarde bai yi asarar tagullarsa ba. Ya goge kan makashin daga allon, ya daddale wajen, ya karta kan Wimbush a gurbin, kamar yadda ake yi in labari ya sauya. Bai taɓa sauran jikin ba, don ba lokaci. Sabon bugun ya fi na farko kasuwa, saboda dattijon coci ya fi ɗan ɗaukar kujera daɗin rataya.

Doran ya koma bakin aiki da ɗingishin da marin ya bar masa. Da farko mutane sun riƙa tsallake kujerarsa, amma da labari ya bazu cewa ya kusa hawa igiya bai buɗe labule ba, sai manyan gari masu zuwa inda ba sa so a sani suka riƙa aiko a kira shi da suna. Wata safiya suka ajiye kujera a ƙofar shagona shi da abokin ɗaukarsa suna hutawa. Ya matso gilashi ya tsaya yana kallon sabon hoton: ƙaramin kan mai kyandir a bisa ƙaton jiki, guduma a sama. Na fito na ce ko in cire shi ne daga tagar.

"Bar shi, Uwargida," ya ce. Ya ƙara matsowa, ya karkata kai. "Kafaɗun dai nawa ne."

Abokinsa ya kira shi, wani mai hula a sauke har hanci yana jira a bakin lungu. Ya tofa yawu a tafin hannu, ya kama sanda.